Ƙumar da Na Ɗauko daga Maraɗi

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko ƙuma daga Maraɗi ba, kuma da bakina na sanar da hukuma.

Ƙarshen shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai suka sa kowane ma'aikaci yake jin ya isa. Abokaina malaman makaranta a Jibiya, wani ya sayi babur, wani ya sayi rediyo mai cin kaset. Ni kuwa, da yake kaina akwai hayaƙi, sai na aika wa wani abokina da ke karatu a Ingila ya sayo mini kwamfuta. Kada ku zaci haɗaɗɗiya ce. A warwatse ta zo cikin kwali: wani koren allo, wayoyi, tarkace iri-iri, da littafin da ke nuna inda za a liƙa kowanne.

Na yi watanni ina fama. Ƙarfen liƙi a gawayi nake gasa shi, kamar masu gyaran fitila, kuma har yau akwai tabon dalma a babban yatsana. Kafinta ya yi mini akwatin katako (da ya gama sai ya tambaye ni ko lefe zan sake haɗawa). Na ciro fanka daga wata matacciyar babbar mota don kada zafi ya dafa ta, na jona ta da batirin mota da wata 'yar talabijin. Duk Juma'a in buɗe ta in share da gashin kaza, in kori tsakar da ta mai da cikinta ɗakin kwana saboda ɗumi. Ranar da ta fara rubuta sunana a gilashi, sai da na yi ƙwalla. Maiɗakina Rabi ta leƙo ta ce ita ma ta iya rubuta sunana, ba a taɓa yi mata kuka ba.

Surukina, Alhaji Bawa mahaifin Rabi, mai fataucin hatsi ne daga Farfaru, mutum mai ƙarancin magana. Da labari ya kai masa, sai ya tambaye ni, "Wagga na'ura taka, tana sussuka?"

Na ce, "A'a, Baba, lissafi take yi."

Ya ce, "Ni ma ina yi, kuma ba ni shan batir."

Maganar ta tsaya mini a rai. Nan take na yi masa alkawarin in ya zo gari zai ga ta rubuta sunansa da kanta. Ya ce Allah shi kai mu.

Bayan 'yan kwanaki, garin gaggawa, na juya wayoyin batir, ja a wurin baƙi. Na ji wani ɗan ƙauri, hayaƙi ya tashi siriri, gilashi ya yi fari fat. Abin da ya ƙone wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne masu ƙafafun ƙarfe jere a gefe biyu, su ne ke riƙe duk abin da aka faɗa wa na'urar. In babu su, akwatina bai fi akwatin ajiye tsummoki ba. Kafin a aiko wasu daga Ingila, Alhaji ya zo ya koma ya gama yanke mini hukunci.

Sai wani direba ya ba ni labarin wani Bafaranshe a Maraɗi, Mushe Luwi (Mushe shi ne Malam a bakinsu), mai gyaran injinan waya, wanda ciwonmu ɗaya da shi. Yana ma ɗaure kaya zai koma ƙasarsu. Na tsallaka ba shiri. Mutumin kirki, muka wuni muna hira da guntun Turancinsa da hannuwa, ya nuna mini tasa kwamfutar, na yaba, ya kwashe ragowar ƙwayoyin da yake da su ya naɗe mini a takardar azurfa ta kwalin taba. Ya ce kada ruwa ya taɓa su, kada su ji zafi, kuma daga su babu wasu. Ya nuna su da yatsa ya ce, "Fus." Na maimaita, "Fus." A wunin nan na tsinci wasu kalmomin: "je" ina da, "boku" da yawa, "wi" kuma i. Na fito daga gidansa ina jin na gama Faransanci.

(Abin da Mushe bai faɗa mini ba, don bai ga dalili ba, shi ne ainihin ma'anar kalmar. A bakin masu irin aikinsa kaɗai take nufin waɗannan ƙwayoyi. A bakin kowa da kowa, ƙuma take nufi, wadda ke cizo.)

Na cusa ƙunshin a aljihun wando na nufi tasha. Wa zan tarar a gidan gaba na motar Jibiya? Alhaji Bawa, ya dawo daga ciniki. Na durƙusa na gaishe shi, na lallaɓa can baya na takure. Mota na fara tsalle a hanya, ƙafafun ƙwayoyin nan suka huda takarda suka shiga sukar cinyata. In gyara zama, in sosa, in sake gyarawa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dube ni, ta janye ƙullin kayanta.

Muka iso shingen da ke ɓangaren Nijar, aka ce kowa ya sauko. Ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo ne mai gashin baki, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Da kunnena na ji yana tambayarsu da Hausa, suna ba shi amsa da Hausa, yana sallamarsu. Amma Alhaji na tsaye yana kallo, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranar da zai san 'yarsa ba ƙaramin mutum ta aura ba. Da layi ya zo kaina, tun kafin ya buɗe baki, na gyara tsayuwa na ɗaga murya.

"Mushe, je de fus!"

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya ce, "Fus?"

Na ce, "Wi. Boku!" Na daki cinyata don ya san inda suke, kuma da yake wurin na ƙaiƙayi, na ɗan sosa.

Ya zubo wani dogon Faransanci wanda ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Wi." Ya ƙara wani. Na ce, "Wi, wi." Na sa hannu a aljihu zan fito da su ya gani, sai ya daka mini tsawa, ya yi tsalle gefe. Ni a zatona mamaki ne ya kama shi, bai taɓa ganin mai irin wannan kaya ba. Har na saci kallon Alhaji in ga ko ya lura.

Aka kira wani mai farar riga, ma'aikacin lafiya. Ya yafuto ni daga nesa, na bi shi ina taƙama, ina cewa a raina manyan baƙi ake kaiwa ofis. Ofishin dai wani ɗan kewayen zana ne da bai wuce ƙirjina ba. Ya yi mini alama in tuɓe riga. Na ce to, bincike ne, kaya masu daraja sun gaji haka. Ya nuna wando. Nan na ɗan yi turus, amma wanda ya ce "wi" sau huɗu ba ya da bakin musu. Ina cirewa, ya ɗauko wani gwangwani mai famfo ya bule ni da farin gari tun daga kai har ƙafa. Ina tari, ina murza ido, sai na hango ta saman zana ya saƙalo wandona a bakin sanda, ya miƙe hannu nesa da jikinsa, ya nufi wata tukunyar ƙarfe da ke tafasa a kan murhu.

Jama'a, a nan Faransanci ya gudu ya bar ni.

Ban san lokacin da na ture zanar nan ba. Na fito a guje, fari fat kamar an tsamo ni daga buhun garin rogo, daga ni sai gajeren wando, ina kururuwa: "Kada ka tsoma! Don girman Allah kada ka tsoma! Ƙwaƙwalwata ce a ciki!" Na yi tsalle na cafke wandon, saura ƙiris ya taɓa ruwa, na rungume shi a ƙirji.

Fasinjojin motarmu, masu tallan gyaɗa, direbobin manyan motoci, kowa ya zuba mini ido. Sai a lokacin na ji iska na shiga ta inda bai kamata ba, na tuna gajeren wandon nan ya daɗe da yagewa ta baya, Rabi ta sha cewa in kawo ta ɗinke ina cewa wa zai gani.

Mai gashin baki ya matso a hankali. Ya ce, "Kai, ashe kana jin Hausa? To mi ya sa ka tsaya kana yi muna Nasaranci? Kai da bakinka ka ce ƙuma gare ka, da yawa. Na tambaye ka ko sun kama maka jiki, ka ce i. Na ce a dahwa kayanka, ka ce i!"

Na kwance ƙunshin na nuna masa. Ya leƙa, ya ga 'yan baƙaƙen abubuwa da ƙafafu reras. Ya ce, "Wallahi ko sun yi kama da ƙwari. Suna cizo?" Tsohuwar nan ta amsa daga baya, "Suna yi mana, tun Maraɗi yaka susa!" Dariyar da aka fashe da ita, na tabbata an ji ta a Jibiya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Alhaji Bawa ya juya mini baya, ya kafa wa wata kuka ido yana jan carbi, kamar an aiko shi ya ƙidaya 'ya'yanta. Bai juyo ba sai da ya tabbata na sa sutura. Sannan ya ce, "Direba, mu tahi, rana na yi." Har muka iso gida bai dubi inda nake ba, ni kuma na roƙi ƙasa ta tsage ta ƙi.

Ƙwayoyin dai sun tsira. Na miƙe ƙafafun da suka lanƙwashe, na dasa su, na duba wayoyin batir har sai da idona ya yi ja, sannan na kunna. Ta tashi. Ranar kasuwa Alhaji ya zo, na zaunar da shi a gaban gilashi, sunansa ya fito da manyan baƙaƙe. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Madalla. Ashe wahalar ba ta banza ba ce." Ko kalma ɗaya bai ce game da shinge ba. Na ji daɗi har cikin raina, na ce lallai dattijo ya juya baya da wuri, bai ga komai ba.

Bayan na raka shi na dawo, sai na tarar da wani ɗan ƙunshi a zaure, a inda ya zauna ya sa takalmi. Na buɗe. Gajerun wanduna ne sababbi fil, har guda uku.

Tun daga ranar, duk shingen da na isa da Hausa nake gaisuwa, kuma kafin in duba wayoyin kowace na'ura, sai na fara duba abin da na sa a ciki.