Waƙoƙina a Jakar Manoma

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar faifan kwamfutar nan ba, gurr-gurr, kamar ana niƙa a kan dutse. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina buga takardu a wani ofishin noma a Karaye. Kwamfuta ɗaya gare mu, mu biyu a kanta: ni da Rabi, 'yar Rogo.

Rabi ce ta rubuta wasu 'yan layukan umarni. Duk Alhamis takan danna, su tattara fayilolin manoma su matse su wuri guda, a zuba a faifai, direba ya kai Kano. Shugabanmu, Malam Sani, kullum sai ya ce, "Rabi akwai kai." Da aka ce mutum ɗaya za a tura kwas, har ramewa na yi. (Ni da na fi ta sakamako a makaranta!) Maimakon in koyi aikin, sai na shiga rubuta waƙoƙi, har da zanen furanni, ina ajiyewa a kwamfutar. A ciki ni ce farin wata, ita kuwa aci-bal-bal.

Wata Alhamis motar su Rabi ta makara. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in yi." Na danna. Faifai ya yi gurnani, ya nuna ya cika. Na canza wani, haka.

"Umarnin nata ne ke da gyara," na ce, har da murmushi.

Sai ga Rabi. Ta dubi allo, ta juya wajen Malam. "Yallaɓai, a bari sai an jima."

"Direba na jira. Nuna mana abin da ya kwasa."

Sunaye suka gangaro. Ashe duk abin da ke jakar manoma ta cikin kwamfutar yake kwashewa, ba ya tambayar mai shi, kuma nan na zuba nawa. Malam ya gyara tabarau, ya buɗe ɗaya, ya karanta yadda yake karanta sanarwar taki: "Ya ke aci-bal-bal ta Rogo, hayaƙinki ya ishe ni..."

Direba ya riƙe ciki don dariya. Malam ya dube ni ta saman gilashi. "'Yata, wannan manomin daga ƙauyen Beli yake?"

Rabi ce ta tafi kwas. Ni kuwa na koyi cewa mai hassada ya fara sanin inda zai ajiye ta.

Sai bayan shekaru, ranar sunan ɗanta na biyu, ta gaya min: wata huɗu ta yi tana kwashe waƙoƙin kafin ta danna, ta gama ta mayar min da su wurinsu.