Ranar da Shambe Ya Huda Jirgin Dilmurad

"Ni da na huda gindin jiragen ruwan attajiran Maskat, har a ce sai an ɗauko makanike daga Karachi? Wannan ɗan abin ai ko ido a rufe zan ɗaura shi."

Shambe ke nan a teburin mai shayi na bakin teku a garin Pasni, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kai ma dai ka san irinsu. Ya ɗan zauna a Maskat, ya dawo da baƙin tabarau da tumbi, tun daga nan ba a sake tayar da zancen da bai fi kowa sani ba. 'Yan gari suna kiransa Injiniyan Baki, shi kuwa rabin farko kawai kunnensa ke ɗauka. Waɗanda suka zauna da shi can sun ce wankin jirgi yake yi. Shi kuma ya ce hassada ce.

Mijin yayarsa, Dilmurad, masunci ne mai jirgin katako guda, wanda da shi gidan ke ci. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayo na'urar ganin kifi: akwati mai gilashi da ake kafawa gaban matuƙi, da wani ƙarfe mai faffaɗan kai da ake zurawa ta rami a gindin jirgi, fuskarsa na kallon ƙasan teku. Zuciyar Dilmurad ba ta kwanta da Shambe ba, amma matarsa Granaz ta roƙe shi ya ba yaron dama ya ɗaura na'urar, ko ta huta da zaman da yake mata a bakin murhu yana cinye ƙanzon shinkafa.

Aka ja jirgi kan yashi. Shambe ya iso da abin huda na aro, ya kori duk wanda ya matso da shawara. Takardar bayanin da ta zo cikin kwali kuwa, da ita ya goge hannunsa.

Ramin farko ya faɗa daidai kan gungumen da ke riƙe da haƙarƙarin jirgi. Shambe ya ce wannan na gwaji ne, ƙwararru ba sa farawa sai sun ɗanɗana katako. Na biyu ya yi faɗin da ɗan akuya zai leƙa ta ciki. Ya ce kafintan da ya sassaƙa jirgin ne ya cuce su da ruɓaɓɓen itace.

"Shambe, jirgi na ba ka ko rariya?" in ji Dilmurad.

"Yaya, kwantar da hankalinka. A Maskat sai mu yi bakwai kafin mu zaɓi wanda ya fi kyau."

A na uku ƙarfen ya shiga. Shambe ya ɗaure noti da iya ƙarfinsa, ya cusa tsumma da guntun katako a sauran ramukan, ya lafta gam kamar mai yaɓen ɗaki. Wani tsohon masunci ya ce a bar gam ɗin ya kwana. Shambe ya ce na Maskat ne, da ruwa yake bushewa.

Da la'asar aka tura jirgi. Rabin gari ya fito kallo, don Shambe ya riga ya shelanta cewa yau kifi zai rasa maɓoya. Ya haye gaba, ya gyara tabarau, ya kunna akwati. Gilashi ya kawo haske, babu komai a kai. Ya ce na'urar tana ɗumama ne. Suka yi nisa kaɗan, sai ga lamba ta fito.

"Ga shi nan. Zurfin teku a nan taƙi ɗaya."

Dilmurad ya leƙa ruwa baƙi ƙirin, ya ce tun yana yaro yake bin wurin nan, gaba goma ne ko fi. Shambe ya yi murmushin tausayi, ya ce ai dalilin da ya sa ake sayen na'ura ke nan, don a daina aiki da ƙiyasin kakanni. Can lamba ta hau taƙi biyu. Ta kai kamu guda. Shambe yana ta sanarwa da murya sama, yana cewa a duba yadda take bin teku sannu a hankali.

Sai ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya ɗaga murfin ɗakin ajiye kifi da ke ƙasan jirgi don ya ɗauko taru. Ya leƙa ciki, sannan ya ce a hankali, "Mai jirgi, zurfin da take faɗa gaskiya ne. Sai dai na cikin jirgi ne."

Ashe a kife gogan naka ya ɗaura ƙarfen. Fuskarsa ciki take kallo, tana auna ruwan da ke ɓulɓulowa ta ramukan gwaji.

Dilmurad ya juya akalar jirgi, ya miƙa wa Injiniya bokiti. Shambe ya kwashi ruwa har tabarau ya faɗa teku, har rigar Maskat ta manne da tumbi, yana yi yana rantsuwa kamfanin ne ya buga ƙarfen a juye. Da ƙyar suka kai gaɓa, jirgin na tafiya kamar saniya mai ciki, jama'a suka shiga ruwa har ƙugu suka ja shi waje. Jirgi dai ya tsira. Kafinta ya toshe ramukan, Granaz kuma ta toshe ƙofar kicin.

Washegari Shambe ya laɓe a ƙuryar teburin mai shayi, yana bayyana wa duk wanda ya zauna cewa a ƙa'ida aikin bai ɓaci ba, tunda na'ura ta auna ruwa daidai. Ana haka sai ga wata tsohuwa, Gwaggo Hairi, ta taho da sanda tana tambayar ina Injiniya. Shambe ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don su shaida har yanzu ana nemansa.

"Ga ni, Gwaggo. Jirgin wa za a ɗaura wa?"

"Wane jirgi, ɗan nan? Rijiyata ce ta ƙafe tun bara. An ce mini kai ko busasshen katako ka huda, ruwa ne ke fitowa."