Gilashin Baba Sadaukarwa

A duk asibitin babu wanda ya kai shugaban sashen hoton ƙashi ba da ransa ga aiki. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ma'aikatansa ke kiransa Baba Sadaukarwa, yana amsawa da murmushi don a zatonsa yabo ne.

"Mu da muke wanka da hasken na'ura kullum," in ji shi a kowane taro, yana dafa ƙirji, "mu muka san abin da ake kira aiki."

Wankan nan daga ofis yake yin sa. Tsakanin kujerarsa da ɗakin na'ura akwai bango biyu da firij. Rigar dalmarsa ta kariya daga hasken kuwa na rataye a ƙofa, sabuwa fil, ba ta sauka sai ranar da baƙi za su zo.

Ana cikin wannan jin daɗi aka kawo wa kowa baji na maƙalawa a ƙirji. Cikinsa ɗan gilashi ne da ke riƙe duk hasken na'urar da ya taɓa mutum, wanda ido ba ya gani. Ƙarshen wata a kai shi ɗakin awo, a haska masa wata fitila, sai ya yi annuri ruwan lemo gwargwadon abin da ya sha. Baba ya yi murna. Har ɗaurin auren ƙanin matarsa ya je da bajin a kan babbar riga.

Da sakamako ya dawo, gilashin kowa ya ɗan haska, har na mai tura keken marasa lafiya. Na Baba ko ƙyas. Ya ji ana dariya a ɗakin canza kaya, abin ya tsaya masa a rai. Shugaba guda, a ce ɗan gilashi ya ƙaryata shi?

Sai ya yi dabara irin ta manya. Ya lallaɓa ya rataye bajinsa a wata ƙusa bayan allon da masu hoton ƙirji ke jingina, ya bar shi nan wata cur.

Dabara ta ci, har ta wuce gona da iri. Gilashin ya haska fiye da abin da doka ta yarda ɗan Adam ya sha a shekara. Nan take aka hana shi kusantar sashen, aka ɗebi jininsa, aka zaunar da mataimakiyarsa a kujerarsa kafin a gama bincike. Matarsa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shi kuwa ya kwanta a falo cikin bargo yana karɓar masu gaisuwa, yana tari kaɗan-kaɗan. Yana tsoron rasa kujerar, amma daɗin "sannu, gwarzo" ya hana shi faɗin gaskiya.

Ranar zaman kwamitin bincike ya zo da sanda. Ya yi dogon jawabi kan jikin da ya ƙone don al'umma, ya nemi a mayar masa da kujerarsa, in da hali a haɗa da lambar yabo.

Mai awo ta jira ya gama. Ta ce irin wannan gilashin karatu ba ya goge shi, don haka ta sake haska shi. Cikin bajin akwai 'yan ƙarafa da ke barin inuwa a gilashin. A jikin mai kai-komo inuwar dishi-dishi take fita, wannan kuwa ta fita tas, daga gefe guda.

"Ranka ya daɗe, wata guda bajin nan bai motsa ba. Ko a ƙusa yake, ko a jikin wanda ba ya tashi daga wuri ɗaya."

Shugaban kwamiti ya juya ga ma'aikatan sashen, ya tambaye su wanne ne a ciki.

Mataimakiyar ta ce tsakani da Allah ba za su iya rantsuwa ba, don duka biyun suna yiwuwa.