Wayar Maccido Ta Tona Asirin Albasa

"Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. Ya iyali? Ya kuma tsuhwa da tac ci ƙarhinka?"

"Tsuhwa tana nan bisa goshinki. Ke baiwa, ba ki tashi ki ba ubangidanki tabarma?"

Maccido ke nan da Turai. Mahaifinsa da mahaifiyarta ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa suka rabu salin-alin ba. Ita malamar kwamfuta ce a wata makaranta nan Wurno, tana kuma rainon irin albasa a bayan gida. Shi manomin rani ne a fadamar da ruwan dam ɗin Goronyo ke kaiwa, mutumin da bakinsa ya fi gonarsa faɗi. Bara, a wurin suna, gaban jama'a ya ce irin Turai ko akuya ba ta ci. Ni Kaltume maƙwabciyarta ina gefe ina tsintar shinkafa, na kuwa gyara zama. Kwanakin dashe saura kaɗan su wuce, amma ga Maccido da hantsi cikin farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Turai ta ce, "Mi yak kawo ka, maza na hwadama suna dashe?"

"Na gama nau tun wancan sati. Albasata ta kai gwiwa."

"Sati guda ta kai gwiwa? Albasa kad dasa ko gamba?"

"Hassada ga mai rabo taki. Amshi wayag ga ki duba, in bokon naki ba na banza na ba. Dut inda nib buɗe sai talla ta biyo ni kamar ƙuda ya ga mangwaro."

Ta karɓa, ta buɗe shafin da yake duba farashin albasa. Nan take wani akwatin rubutu ya taso ya rufe rabin fuskar wayar.

"Wanga akwatin, kana karanta shi?"

"Turanci na, ni ko allo niy yi. Koren wurin nan nika dannawa ya ba ni hanya."

"Ka san mi shika cewa?"

"Sallama ta. Mutumin kirki ko amsa sallama shikai."

"Sallama! Kaltume, kin jiya? Izini masu shahin ka nema, Malam Maccido. Akwai abin da aka ce ma kukis. Ka san shaidad da kaka yi ma buhunka da shuni kahin a aza shi mota? Su ma shaida suka aje ma cikin waya, in ka komo su gane ka. Wata dole ta, don shahin ya yi aiki. Sauran ko na 'yan talla na, su san mi kad duba, sau nawa, wace rana."

"To in ban so hwa?"

"Ga shi nan ƙasa, ɗan ƙaramin rubutu toka-toka. Sun ɓoye shi kamar yadda kaka ɓoye goro in ka hangi baƙi."

"Ni jikan alƙali na. Ba a taɓa ɗaure ni da magana ba."

"Bari in gwada ma, jikan alƙali." Ta danna wani wuri, sunaye suka jero ba iyaka. "Waɗanga abokan hulɗassu na, sun hi ɗari shidda. Dut ka ce musu ka yarda. Kai da ko aron galma ba ka badawa sai an kawo shaidu biyu!"

"Su sani mana. Mi za su gani ga mutum mai gaskiya? Hwarashin albasa da wa'azi."

"Madalla. Mu ga wa'azin."

Ta koma shafin tana ja da yatsa, tana karanta tallace-tallacen da ƙarfi kamar mai kiran sunayen 'yan aji.

"Maganin ruɓewar iri. Yadda ake ceto bedin rainon iri da ruwa ya kwanta wa. Irin albasa na sayarwa, a kira wannan lamba. Wani irin albasa kuma. Kai, wanga malamin wa'azi manomi na?"

"Zayyanu na, maƙwabcina. Shi ka aron wayata."

"Zayyanu da yat tahi Rabah aikin gini tun ƙaramas salla? Da waya shika aron waya?"

"To aljannu na."

"Aljannun hwadama sun rasa iri ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre na, ɗan kawu."

Maccido ya cire hula, ya leƙa cikinta kamar amsar tana ciki, ya mayar. Tun da na san shi ban taɓa ganin an kai shi bango ba, na kuma daɗe ina fatan ganin ranar. Amma da ta zo sai tausayi ya kama ni, don gidan mutum goma sha ɗaya ne, kuma albasar rani ce ke riƙe da su har damina.

Ya ce a hankali, "Injin ban ruwa nib bari shina aiki, nit tahi kasuwar Achida. Na ce awa guda. Ko da nik komo bedin ya zama tabki. Kwana ukku dut ya ruɓe. Na gyara wuri, na zuba taki, babu abin dasawa. Na zagaya hal Goronyo, kowa nashi ya ƙare."

"Shi na kas sa hwarar riga, don a ce ka gama."

"Riga tau ta."

"Ikon Allah. Mutum ɗari shidda da ba su san ka ba sun san irinka ya mutu, ni da munka sha hura ƙwarya guda sai waya tag gaya min. To ga ni. Akwai abin da kaka so?"

"Babu."

"Bedina huɗu bayan gida, kore shar. Amma na tuna, irin da akuya ba ta ci na."

"Akuyoyin bara na. Na bana ba su da zaɓe."

"Buɗe baki ka roƙa."

"Ɗan namiji ya roƙi ɗiyam mace? Gara in dasa tsakuwa."

"Dasa. In ta yi kai ka aiko muna."

Ta ci gaba da danne-dannenta, ta share masa shaidun da aka tara a wayar, ta kama yatsansa ta ɗora kan ɗan rubutun nan mai toka-toka har sau uku don kada ya manta. Shi dai idonsa na kan ƙofar bayan gida. Na san Maccido, ko rani zai wuce shi a banza ba zai roƙa ba. Turai ma ta sani. Sai dai a wurinmu taubashi ba ya buƙatar roƙo, abin da hannunsa ya kai a gidan taubashiyarsa ya zama nasa, iyaka a bi shi da zagi.

Ta miƙa masa wayar, ta tashi ta kaɗe zane.

"Ni za ni ɗaki in yi walaha, kuma sallata tana da tsawo. In na hito nit tarad da wani ɓarawo ya taɓa min bedi, hal jikokinai sai sun ji labari."

Ta shige ta saki labule. Sai dariya ta ƙwace wa Maccido, har da share ido da bakin riga.

"Kin ci, Turai! Bana ke ta uwargijiya, ni na bawa." Ya tuɓe farar rigar ya rataya a igiyar shanya. "Kaltume, ara min kwando."

Ya nufi bayan gida da sauri. Daga cikin ɗaki, wadda ta ce salla take ta ɗaga murya.

"Na gabas, ɓarawon banza! Na yamma ba su isa dashe ba!"