Majigin da Aka Sa wa Riga

Kai, Allah ya yi wa ƙasar Bagwai gata da ya ba ta Malam Sammani malamin gona! Mutum ne da ya yi kwas na mako biyu cur a Zariya, ya dawo da tabarau da biro uku a aljihu. Tun daga nan bai ƙara shiga gona ba, kada takalminsa ya ɓaci. Gwamnan Majigi muke ce masa, kuma wallahi amsawa yake.

Shekarar da damina ta yi gardama, ɗan hatsin da aka samu ƙwari suka far masa. Malam Iliyasu, magidanci mai baki goma sha ɗaya, rumbu guda ya rage masa, kullum ya buɗe sai ya tarar da gari. Sai ofishin gona ya turo Gwamna da majigi da 'yan hotunan da ake zura masa, ƙanana kamar kan sarki. A jikin ɗaya aka rubuta awon maganin da ake zubawa a buhu. Don wannan hoton kaɗai Iliyasu ya yi sammako.

Da azahar aka tara mu a ajin firamare, aka toshe tagogi da tabarmi, ga zafin bazara. Gwamna ya zaro wata riga mai tuntu da matarsa ta saƙa, irin ta rediyo, ya lulluɓe majigin ruf.

Muntaka direba, dattijon da ya shekara yana jigilar injin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ramukan nan yake numfashi. Ƙwan fitilar wuta ne, hoto ba ya son ya wuce minti guda a gabansa."

"Muntaka, da sitiyari aka san ka. Kayan gwamnati ba ya zama tsirara a gaban talakawa!"

Aka tada janareta. Fankar cikin majigin ta soma ƙugi, Gwamna ya ga tana neman ta fi shi murya. Ya ɗaga rigar, ya cusa wa fankar biro, ta yi tsit. Basira ke nan, malam!

Hoton awo ya hau bango: ga buhu, ga cokali, ga rubutun boko da shi kaɗai zai iya karanta mana. Maimakon ya karanta, sai ya juya masa baya ya gyara tabarau.

"Ranar da na sauka a Zariya, Bature da kansa ya miƙo mini hannu. Na ce masa..."

Minti goma sha biyar muna Zariya. Ƙaurin roba ya cika ajin. A bango cikin buhun ya ɓule, ramin ya yi ta faɗi, cokali ya lanƙwashe, rubutu ya zagwanye. Wani tsoho ya zabura yana salati: "Jama'a, ƙwarin sun ci na bangon ma!"

Gwamna ya waiga, gumi na zuba, amma bai girgiza ba. "Yauwa! Da gangan ne. An nuna muku illar ƙwari ke nan."

Iliyasu ya miƙe, har ya ba ni tausayi. "Malam, cokali nawa ne a buhu?"

Ashe Gwamna bai taɓa karantawa ba. Ya yi gyaran murya ya ce ofis zai aiko da wani hoton bayan damina.

"To Malam, ƙwarin za su jira?"

Gwamna ya zare bironsa daga fanka, rabinsa a narke, ya ce, "Za a rubuta musu."