Ranar da Laffayata Ta Yi Kumfa a Gashua

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na mayar da tsakar gidana a Nguru masana'antar sabulu ba. Lokacin ina koyarwa a firamare, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, ga wankin yara kullum tuli. Sai maƙwabciyata Maman Sadiƙ, 'yar Kano da aure ya kawo ta, ta koya mini haɗa garin sabulun wanki: soda, sinadarin kumfa, ɗan shuɗi da turaren lemun tsami. Ta kuma nuna mini yadda ake haɗa ruwan laushin tufafi da man gyaran gashi da ruwan kal mai haskaka fararen kaya.

"Malama, sinadarin kumfar nan kaɗan ake sawa," in ji ta. Na ce to. Amma na san halinmu mata: sabulun da ba ya kumfa, ko ya fitar da datti, ba ma kiransa sabulu. Tana fita na ƙara, na sake ƙarawa, har sai da hankalina ya kwanta. (Ni ce fa mai koya wa yara awo a aji.)

Ana haka bikin ƙanwar maigidana ya taso a Gashua. Surukata Hajiya tun da aka kawo ni take cewa 'yar boko ba ta iya tattalin gida ba, ni kuma na ƙudurta a bikin nan sai ta janye maganarta. Na jiƙa laffayata da garin nan har ya yi mata yawa. Da yake ruwan ma a wurin 'yan ga-ruwa muke saye, na ga asara ce in yi ta ɗauraya. Na tsoma ta a ruwa na fitar, na tsunduma ta a ruwan laushi, na shanya.

Ranar wuni gida ya cika da mata. Da na durƙusa gaida Hajiya sai ta shafa gefen laffayar. "Ikon Allah, wannan laushi haka? Wa ya wanke miki?"

Da na ce na gode na nemi wuri na zauna, da shi ke nan. Ina! Sai na gyara murya na yi wa mata lacca a kan tsimi da tanadi, har ina cewa duk macen da ke sayen sabulun kanti ba ta tausayin mijinta. Hajiya tana gyaɗa kai, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Ban rufe baki ba hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Mata suka ruga rumfa. Ni da ke neman suna na tsaya a fili ina kwashe kulolin abinci. Laffaya kuwa, kun sani, naɗi ne kawai yake riƙe ta, tawa kuma ta sha ruwan laushi. Ta fara zamewa daga kaina. Na jawo ta, ta sulluɓe ta kafaɗa. Ina ja ina murzawa, ashe wanki nake yi. Kumfa ta taso fara fat daga wuyana, ta gangaro hammata, ta bi sawuna har bakin rumfa, gida ya ɗauki ƙamshin lemun tsami.

Wata tsohuwa ta yi salati: "Ku riƙe ta, jama'a! Tana da iska ne?"

Amarya da kanta ta leƙo ta taga: "Matar Yaya, don Allah matsa kusa da kwanukan can, kada kumfar ta tafi a banza!"

Dariya ta hana kowa taimakona. Hajiya ce ta ja ni ɗaki, ta ba ni zaninta, tana goge hawayen dariya. "Tattali kam kin iya, 'yata. Ban taɓa ganin wadda ta zo biki da wankin gobe a jikinta ba." Da za mu tafi ta ce in aiko mata da garin, amma don wankin tabarmi.

Na aika. Har yau kuma ina haɗa sabuluna, sai dai na koyi abu biyu. Ko me za a yi wa tsimi, ban da ruwan ɗauraya. In kuma za ki yi wa mata lacca a damina, fara ɗaga kai ki dubi gabas.