Nomau da Kwalbar Man Gashin Ido

A ƙauyen Tudun Ɗorawa akwai wani magidanci mai suna Nomau, manomi ne mai ƙwazo da riƙon amana. Aibinsa guda ɗaya ne tak: duk abin da aka gaya masa, daidai shi yake aikatawa, ba ya ƙara kome daga kansa. Yana zaune da matarsa Uwani, wadda Allah ya yi wa idanu masu launin zuma, irin na kakarta. Duk ƙauyen babu mai irinsu, kuma tana alfahari da su ƙwarai. Abin da ke damunta shi ne gajartar gashin idonta. Da ta ji labarin wani mai da ake shafawa gashin ido ya yi tsawo, sai ta ƙudura za ta same shi kafin bikin ƙanwarta.

Wata rana, ranar kasuwa, Uwani ta aiki mijinta wurin ɗan koli. Ta ce, "Maigida, kada ka saya sai ka gani da idonka yana sa gashi tsawo." Nomau ya je ya sa ɗan koli ya shafa wa kansa man, sa'an nan ya tsuguna gabansa ya ƙura masa ido tun hantsi. Masu saye suka riƙa zuwa suna komawa, don sun ɗauka rigima ake yi. Da la'asar ɗan koli ya ce, "Bawan Allah, lafiya? Ka kore mini kasuwa!" Nomau ya ce, "Daina ƙifta ido, kana ɓata mini awo." Ya koma gida hannu rabbana, ya shaida wa Uwani cewa ko kaɗan gashin bai motsa ba. Kasuwa ta gaba ita da kanta ta je ta sayo.

Wata rana kuma, Uwani ta ga takardar da ke cikin kwalin man da Turanci aka rubuta ta. Ta ce, "Kai wa Malam Haladu, malamin asibiti, ya karanta. Kuma na san ka, kada ka tsaya sauraron zancen kowa." Malam Haladu ya sa tabarau ya karanta, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Nomau, saurara da kyau. Irin wannan mai, idan yana shiga ido, yana iya duhunta launin ƙwayar ido, musamman ga mai ido irin na matarka. In kuwa launin ya juya, ba lalle ya dawo ba. Ka ce mata kada ta shafa." Amma tun da malamin ya buɗe baki Nomau ya toshe kunnuwansa da yatsu. Malam Haladu ya yi ta ɗaga murya, marasa lafiya na dariya, har Nomau ya karɓi takardarsa ya fita. A gida Uwani ta ce, "Ya karanta?" Ya ce, "Tsaf, har sau biyu." Ta ce, "Me ya ce?" Ya ce, "Bakinsa dai na ta motsi, ni kuwa na cika umarninki." Uwani ta yi tsaki, ta ce ai in da akwai matsala da malamin ya riƙe takardar.

Wata rana da zafi ya tsananta, ta miƙa masa kwalbar ta ce ya ajiye ta wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Nomau ya zagaya ɗaki da zaure da gindin randa yana taɓawa da tafin hannu, bai gamsu ba. Daga ƙarshe ya saki kwalbar cikin rijiya. Kwana tara ana zura guga da ƙugiya kafin ta fito, kuma Allah ya sa murfinta bai buɗe ba. Maƙwabta suka tambaye shi dalili, ya ce, "Ku taɓa ta ku ji, in akwai wurin da ya fi can sanyi ku nuna mini."

Wata rana da safe, biki ya matso, Uwani ta zauna kan tabarma za ta fara shafawa. Sai ta fasa, ta kira mijinta. Ta ce, "Zan rufe ido, kai ka shafa mini. Man ya jiƙa gashin sosai, amma ko kusa da idona kada ya zo." Nomau ya tsaya yana nazari. Gashin a jikin ido yake, an ce a jiƙa shi, an kuma ce kada a kusanci ido. Can ya sami mafita. Ya ɗauko almakashi, ya ce, "Kada ki motsa," ya datse gashin idon dama ƙat, ya kai shi bakin ƙofa, ya zuba cikin kwalbar ya girgiza. Uwani ta buɗe ido ta duba madubi, ta kurma ihu. Ya ce, "Kwantar da hankalinki. Gashi ya jiƙu, ido yana nesa. In sun yi tsawo sai mu mayar."

Uwani ta yafa mayafi, ta figi kwalbar ta nufi asibiti tana kuka, Nomau na biye da ita. Ta ce, "Malam, dubi abin da ya yi mini! Man nan zai shafu kuwa bayan wannan ɓarna?" Malam Haladu ya miƙe tsaye ya ce, "Kin taɓa shafa shi?" Ta ce, "Ko sau ɗaya." Ya haska idanunta da tocila, ya duba dama ya duba hagu, sa'an nan ya zauna ya yi ajiyar zuciya. Ya maimaita mata gargaɗin da mijinta ya ƙi ji, kalma bayan kalma. Ya ce, "Gashin da aka yanke zai tsiro cikin wata biyu da yardar Allah. Launin idon nan kuwa, da ya tafi, ba ni da maganin da zan ba ki ya dawo."

Uwani ta dubi kwalbar, ta dubi mijinta. Ta share hawaye ta ce, "Alhamdulillahi. Zan je biki da rabin gashin ido, in ya so su yi ta dariya." Ta tura wa malamin kwalbar ta ce ya zubar. Nomau ya yi wuf ya tare hannunsa ya ce, "Malam, a tsame mana gashinmu tukuna. Na ga kamar sun fara tsawo."